Kada A Kashe Ta, In Ji Sabura

Jama'a a matsa, a ba da hanya! Mai shayi ya rage wuta, mai babur ya kashe inji, mai tari ya haɗiye abinsa! Ga Sabura Banu nan tafe, 'yar Abdul Jabbar tela ta Layin Masallaci a Tiruppur, can kudancin Indiya, dodon ɓarayin da ba su da ƙafa, mai bin sawu inda babu ƙasa, wadda kwamfuta ke hangowa ta fara faɗin gaskiya tun ba a tambaye ta ba. Tsayinta bai kai kafaɗata ba. Gilashinta da zare yake ɗaure ta kunne ɗaya, kuma har yau in za ta tsallaka babban titi sai ta riƙe rigar wani. Yayata ce. Akka nake ce mata, ita kuma in tana cikin nishaɗi ta ce mini tambi, wato ƙane, in ba ta ciki ta ce "kai". Yawanci "kai" nake ji.

Ni ne Sikandar. Sunan wanda ya ci duniya da yaƙi aka sa mini, ni kuwa aji goma ne ya ci ni da yaƙi, na koma ya sake ci na, sai na bar masa filin. Na yi kai abinci a babur, na yi yaron mota, na yi gyaran waya har ranar da na gyara wa wani ɗan sanda tasa ta daina kawo haske gaba ɗaya. Yanzu ado nake yi. In ana biki ko buɗe shago, ni ke ɗaure itacen ayaba a ƙofa, in jera ƙananan fitilu, in kafa lasifika. Saboda haka kada wanda ya tambaye ni yadda cikin kwamfuta yake. Abin da idona ya gani zan faɗa, sai ɗan gishirin da ba a rasa ba.

Garinmu garin singileti ne. Duk wanda ka gani a titi, ko ɗinki yake yi, ko rini, ko ninki, ko yana kan hanyar zuwa neman ɗaya daga cikinsu. Akka ta fara da yanke zaren da ya yi saura a jikin riga, tana tsaye daga safe har yamma. Da ɗan abin da take samu ta koyi buga rubutu, hannunta kuma ya fi na kowa sauri, har wani babban kamfani ya hau da ita ofis. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina yi musu ado. Ita ke karɓar saƙonnin masu saye daga ƙasashen waje. Ranar da ta fara zama a kujera mai juyawa, Atta, mahaifinmu, ya sayo shinkafar biriyani har da na maƙwabta.

Sai wata safiya duk kwamfutocin ofishin suka kulle. Kowace ka duba, rubutu ɗaya ne a fuskarta: mun ɗaure muku komai, ku biya mu kwance. Manaja ya kira wani mai gyara daga kasuwa, irina amma mai jaka. Mutumin ya kashe su duka, ya goge su tas, ya zuba musu sabuwar manhaja, kafin magariba ofis ya koma aiki. Daga nan aka shiga neman wanda za a ɗora wa abin. To saƙon waje ta teburin wa yake shigowa? Aka kira Akka aka ce, "Ke kika buɗe wani abu." Aka sallame ta cikin ladabi, har da shayi.

A Tiruppur labari ya fi bas gudu. Ba ofishin da ya sake ba ta kujera. Ta koma tsayuwa, tana duba ɗinki a wani ƙaramin shago bayan tasha. Amma ba korar ce ta rage mata cin abinci ba. Ta koma kamfanin ta roƙi a nuna mata kwamfutarta, aka ce ai babu komai a ciki, an goge.

"Tambi," ta ce mini muna wanke kwanuka, "in ni ce, ina so in sani. In ba ni ba ce, ina so in sani."

"Akka, ki ce ba ke ba ce kawai. Ni duk abin da ya lalace a hannuna haka nake cewa, kuma barci nake yi lafiya lau."

"Shi ya sa babu mai ba ka ajiyar ko cokali."

Bayan damina ta gano wata kwaleji a birnin Coimbatore da ke koyar da binciken sawun masu kutse, Asabar da Lahadi. Ta shiga. Tana idar da sallar asuba take bin bas, da kwanon idli, wainar shinkafarmu, a jaka da littafi a cinya. Ita ce babba a ajin, samarin suna ce mata anti suna ba ta kujera, ita kuma haushin kujerar ya fi damunta a kan sunan. Turancin littattafan ya yi mata nauyi, sai ta riƙa rubuta kalmomi a tafin hannu tana dubawa tsakanin riga da riga a shago. Atta ya tambaye ta, "Wai wannan karatun na 'yan sanda ne ko na injiniyoyi?" Ta ce, "Kamar likitan da ke duba abin da ya kashe mutum ne, Atta, sai dai na inji." Atta ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Gidanmu ya koma bola. Tana zuwa kasuwar gwangwan ta sayo tsofaffin fayafayan kwamfuta, ta zauna tana tono abin da masu su suka goge. Hotunan bikin mutanen da ba mu sani ba, takardun asibiti, rigimar gado. Ko leƙe ba ta bari in yi. "Ba naka ba ne, ba nawa ba ne, koyo kawai nake yi." Da fayafayan suka ƙare ta ari wayata. Kafin in gama shan kofi ta fito da saƙonnin da na rubuta wa wata Nilofar na goge tun bara, har da waƙar da na yi mata.

"Akka, wannan cin amana ne!"

"Wannan darasi na bakwai ne. Kuma ‘zuciya' ba haka ake rubuta ta ba."

Jarrabawar farko ta kayar da ita. Na shirya jawabin ta'aziyya, tun da a wannan fanni ni gwani ne. Ba ta ba ni dama ba. Ta ci abincinta, ta wanke kwanonta, ta buɗe littafin daga shafin farko. Da ta sake zama ta haye, kwalejin ta tura ta koyon aiki a ƙaramin ofishin wani Malam Ilango, mai yi wa kamfanoni irin wannan bincike. Nan ma jaka take ɗauka, ta manna lamba a jikin kaya, ta kalli yadda yake yi. Bai taɓa tura ta ita kaɗai ba.

Akwai abu ɗaya da ta cusa mana a gida har Atta ya haddace. In aka kai wa kwamfuta hari, a zare wayar da ta haɗa ta da waje, amma kada a kashe ta. Wai ƙwaƙwalwa biyu gare ta. Ɗaya kamar rubutu a takarda ce, ko an kashe wuta tana nan. Ɗayar kuwa kamar abin da ke kan mutum ne yana farke, ana ɗauke wuta ya zube. Ɓarayin zamani kuma sun yi wayo, ba su cika barin sawu a takardar ba, a wannan ta biyun sawunsu yake. Na ce na gane, irin kaina ne a aji goma, ana kaɗa ƙararrawa komai ya bi iska. Ta ce karo na farko ke nan da na ba da misali daidai.

To sai ga Ayuda Puja ta zo, ranar da maƙwabtanmu Hindu ke hutar da kayan aiki. Daga babbar motar kaya har almakashi, a wanke, a shafa ɗigon sandal da jar hoda, a rataya fure, a kashe wuta, ba mai taɓawa sai gobe. A wurina ranar kasuwa ce. Tun da sassafe ina kamfanin Maigida Velusami, na ɗaure ayaba a kowace ƙofa, na kafa lasifika. Mai lantarkinsu ya tafi ƙauye yin biki, don haka aka damƙa mini babban makunnin ginin, aka ce in Pati ta ce a kashe, in ja shi ƙasa. Pati Rukkumani ita ce mahaifiyar Maigida. Kowa Pati yake ce mata, wato kaka, har direbobin da suka kusa sa'arta.

Ina kan tsani sai na ji ihu daga ofis a bene. Na hau da sunan neman soket. Kwamfutoci a kunne, rubutu iri ɗaya a fuskar kowace. Maigida Velusami yana tsaye a kan wata ma'aikaciya mai suna Pungodi, wadda ta ci adon biki da zanen sari na siliki da furen yasmin a gashi.

"Saƙon waje ta hannun wa yake bi? Ta hannuna? Bayan hutu kada in ga ƙafarki a nan!"

"Maigida, wallahi ban buɗe komai ba sai abin da na saba buɗewa."

"Ki tafi ki gaya wa masu sayen da ke jiran kayansu!"

Ta fita ta zauna a matakala tana kuka ba sauti. Ni dai na san wannan wasan, an taɓa yin sa a gidanmu. Da don ta Maigida ne, da an kashe komai an goge gobe, amma da ya buga wa masu sayen nasa waya, sai suka ce ba za su sake turo oda ba sai sun ga rahoton yadda aka shigo. Dole ya kira ofishin Malam Ilango. Malam Ilango kuwa yana garin Madurai wurin iyalinsa, hanya ta cushe da masu tafiya biki. Ya ce zai turo wani.

Wanin nan ya sauko daga keke mai ƙafa uku, da baƙar jaka da ta kusa rinjayarsa, yana gyara gilashi mai zare.

"Kai, me kake yi a nan?"

"Ni ne babban jami'in lantarki na wannan kamfani, Akka. Ki yi magana da ladabi."

"Allah ya tsare kamfanin."

Maigida ya dube ta sama da ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba. "Ke ce Ilango ya turo?" Ta ce ita ce, ɗaliba ce, kuma tana so a nuna mata uwar kwamfutocin. Aka kai ta wani ɗan ɗaki bayan ofis inda wata tsohuwar na'ura ke gurnani a ƙarƙashin tebur. Ta ɗauki hoton komai. Ta zare wayar sadarwa. Ta soka wani ƙaramin faifai nata, ta danna abin da za ta danna, wani siririn layi ya fito a allo ya fara cika a hankali. In na ce a hankali, ina nufin kamar jerin gwanon karɓar katin shaida.

"Me ke nan?" in ji Maigida.

"Ina kwafe abin da ke kanta ne tun tana farke. In ya gama, ku kashe ta yadda kuke so. Kafin nan kada wuta ta ɗauke."

Na duba batirin da ke gefe. Ya kumbura kamar burodi, ko numfashi uku ba zai riƙe ba. Ashe duk binciken a hannuna yake, ni da makunnina.

Sai ga sandar Pati tana ƙwanƙwasa matakala. Tsohuwa ce 'yar firit, da farin gashi da tokar ibada a goshi. Da keken ɗinki ɗaya ta fara bayan rasuwar mijinta, ta ciyar da 'ya'ya da shi, kuma tun daga lokacin ba shekarar da ba ta hutar da kayan aikinta a wannan rana ba. Sai bara, da jikanta ya lallashe ta ya ce wannan na'urar ba a kashe ta, aka bar ta a kunne.

"Ga shi nan," ta ce, tana nuna allon da sanda. "Bara kun ce ita ba ta hutu. Kun hana ta ranarta, ta hana ku taku. Bana ita za a fara kashewa. Ina yaron wuta?"

Na yi kamar ina nazarin rufin ɗakin.

Akka ta miƙe ta gaishe ta da hannu biyu. "Pati, ki yi haƙuri. A ba ni ɗan lokaci. In aka kashe ta yanzu, za ta manta wanda ya shigo."

"Ta manta mana. Ni ma ba duk ɓarawon da ya shigo mini nake tunawa ba. 'Yar wa ce ke?"

"'Yar Abdul Jabbar tela."

"To ubanki tela ne, ya san darajar keke. Abin da ya ciyar da ke shekara guda, rana ɗaya ba za ki ɗaga masa ƙafa ba? Yaro, sauka ka kashe."

Akka ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba. "In ka taɓa makunnin nan, ka nemi wani gidan."

"Yaro, wa ya ɗauke ka aiki, ni ko ita?"

"Pati, ke kika ɗauke ni aiki, ita kuma ta san abin da ke cikin wayata. Ku daidaita tsakaninku, ni ɗan talaka ne."

Ba wanda ya yi dariya. Maigida ya ce wa uwarsa a bar maganar, a kashe, Ilango ya zo ya yi abin da zai iya, tun da ai an san wadda ta jawo abin. Pati ta ce wa aka sani? Sai a lokacin ta lura da Pungodi a matakala, fure ya karkace, kwalli ya zubo. Aka gaya mata an kori yarinyar.

Akka ta zauna a ƙasa gaban na'urar, ta harɗe ƙafa kamar mai jiran abinci. Ta ce, "Pati, ni ma a irin kujerarta na zauna, a wani kamfanin. Aka yi mana irin wannan. Aka kashe, aka goge, aka ce ni ce. Tun daga ranar a tsaye nake aiki."

"To ke ce kika buɗe musu?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba?"

"An goge, Pati. Ba mai sani har abada. Shi ya sa nake zaune a nan. Wataƙila yarinyar can ce, wataƙila ba ita ba ce. Na'urar nan ta sani, amma sai in tana farke."

Pati ta daɗe tana kallon layin da ke allo, wanda ko rabi bai kai ba. Sannan ta gyara riƙon sandarta.

"An duba mana lokaci mai kyau, kafin rana ta take zai fita. Ba zan bar shi ya wuce saboda ke ba, 'yar tela. Duk sa'ad da na gama na iso ɗakin nan, a kashe. Kin ji?"

"Na ji, Pati."

Yadda aka saba, Pati tana sa wa tsohon kekenta ɗigo, sai shugabannin layukan ɗinki su ɗauki farantan sandal kowa ya yi nasa layin, kafin kofi ya huce an gama. Na lissafa a raina, na ce shi ke nan, Pungodi ta tafi. Muka sauka. Shugabannin layi suka miƙo hannu za su karɓi farantai.

"Ku ajiye," in ji Pati. "Bara hannunku ya yi, kun ga abin da ya biyo baya. Bana da hannuna zan yi. Yaro, ɗauki farantin. Daga bakin ƙofa za mu fara."

Bakin ƙofa fa! Motar kaya, motar ma'aikata, baburan masinja, keken maigadi. Kowanne ɗigo uku, fure, lemon tsami a ƙarƙashin taya. Sannan janareta. Sannan muka shiga zauren ɗinki, inda kekuna ke jere har ido ya gaji. Matar da gwiwarta ba ta barinta ta je bakin titi, ita ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda ta ga ƙura sai ta tsaya.

"Na wane ne wannan? Haka kake wanke fuskarka? Sake gogewa, ina jira."

Maigida yana biye yana duba agogo. Shi Amma yake ce mata, wato mama. "Amma, a kawo miki kujera, yara su ƙarasa."

"Da na haife ka yara ne suka ƙarasa mini?"

Ma'aikata sun yi cirko-cirko cikin sababbin kaya, ido a kan buhunan guggurun shinkafa da kwalayen alewa da ba za a raba ba sai an gama. Wata ta ce da ni a hankali, "Yau Pati ta sha wani abu ne?" Na ce ni dai faranti nake riƙewa.

Da sandal ya yi ƙasa na ce bari in ƙaro, na haura da gudu. Na tarar da Akka tana zufa, waya a kunne, layin allo ya tsaya cik.

"Ya ƙi gaba. Malam kuma wayarsa ba ta shiga."

"To ki ɗan buga mata a gefe. Talabijin ɗinmu haka yake ji."

"Fita."

"Akka, da gaske, me za ki yi?"

Ta cire gilashin ta goge da gefen mayafi. "In na jira, wataƙila ya motsa, wataƙila ba zai motsa ba. In na sake daga farko da wata manhajar, lokaci ya tafi." Ta mayar da gilashin. Ta rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru, ta tsayar da na farkon, ta sake daga farko. Layin ya koma fanko.

"Pati tana ina?"

"Layi na tsakiya."

"To me kake yi a nan? Je ka riƙe mata faranti."

Na koma. Pati ta dubi fuskata kawai, sai ta ce a buɗe mata ɗakin guga da ɗakin yanka, har da sito inda aka jibge kekunan da suka mutu tun ina goye. Ta ce su ma sun yi aiki a zamaninsu. Zufa ta jiƙa mata wuya, numfashinta ya fara fita da ƙara. Maigida ya daina duba agogo, ya koma duba uwarsa.

Daga ƙarshe dai kekuna suka ƙare, sai bene. Na miƙa mata hannu ta buge shi. Ta hau da kanta, tana hutawa a kowace matakala, ta wuce Pungodi. Ta bi teburan ofis, ta iso ƙofar ɗan ɗakin. Akka ta miƙe.

"Bai gama ba, Pati. Saura kaɗan, amma bai gama ba."

Ni da na so ta yi ƙarya ko sau ɗaya a rayuwarta! Pati ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafarta ba ta shiga ba. Ta waiwaya ta dubi ofishin.

"Wancan mene ne?"

"Abin manne takarda ne, Amma," in ji Maigida.

"Ba kayan aiki ba ne? Kawo."

Aka kawo. Ta sa masa ɗigo. Aka kawo abin huda takarda, da wayar tebur, da butar dafa shayi, da makullan sito, da almakashin sakatare. Ta nuna baƙar jakar Akka.

"Kayana ba sa hutu yau, Pati."

"Na ga alama."

Ana cikin neman abin da ya rage, layin ya cika. Na buɗe baki zan yi kabbara, Akka ta ɗaga hannu. "Saura in tabbatar kwafin ya yi daidai." Jama'a, a wannan lokacin ni kaina na so in ɗauke ta in jefa ta taga. Tsohuwa na tsaye a kan sanda, ma'aikata na jiran alewa, ita tana bin waɗansu dogayen lambobi da yatsa, baki na motsi. Ta rubuta su. Ta zare faifanta, ta sa a leda, ta manne, ta sa hannu, ta ba Maigida ya sa nasa.

"To, Pati."

Pati ta shiga, ta sunkuya da ƙyar, ta sa wa na'urar ɗigo uku, ta ɗora mata fure. "Yaro, kashe."

Ban taɓa sauka bene da irin wannan gudun ba. Na ja makunnin, ginin ya yi tsit, har kukan hankaka na waje aka ji. Aka kunna kafur, aka fasa kabewa a bakin ƙofa, aka raba gugguru. Akwai masu cewa lokaci mai kyau ya ɗan gota. Ba wanda ya faɗa a inda Pati za ta ji.

Sauran aikin ba abin kallo ba ne. Makonni Akka da Malam Ilango suka yi a Coimbatore suna tankaɗe abin da ta kwafo. A ciki suka ga hanyar da har lokacin take buɗe tsakanin na'urar da ɓarayin, suka bi ta baya. Ba ta teburin Pungodi ta bi ba. Ta akwatin kyamarorin tsaro ta bi, wanda aka haɗa da intanet don a riƙa kallon zauren ɗinki daga waya, aka bar masa kalmar sirrin da ya zo da ita daga shago. Sun daɗe a ciki suna zagayawa kafin su kulle komai. Ba duk abin da aka ɗaure aka samu ba. Wani an dawo da shi daga tsohuwar ajiya, wani sai da aka sake bugawa da hannu. Masu saye suka karɓi rahoto, oda ta dawo.

Maigida Velusami bai ba kowa haƙuri ba. Waya kawai ya buga wa Pungodi ya ce, "Wai hutun naki bai ƙare ba ne? Aiki ya taru." Ta koma kujerarta.

Ranar da na ji, na shigo gida da yamma ina buga ƙofa kamar ganga. Akka na zaune a tabarma bakin taga da littafi, jarrabawar ƙarshe ta matso. Na tsaya a gabanta na buɗe hannuwa.

"Akka! Kin tsayar da kamfani guda da tsohuwa guda! Kin wanke Pungodi, kin wanke kanki, kin wanke zuri'ar Abdul Jabbar har jikoki! Gobe zan kafa lasifika a bakin tasha in sanar wa Tiruppur!"

Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Pungodi aka wanke. Tawa kwamfutar an goge ta. Matsa, ka tare mini haske."